Darasi na 17: Yi wa Baƙuwar Kwamfuta Ƙaura Tana Cikin Aiki

A darasin da ya gabata mun girka baƙuwarmu ta farko: kwamfuta ce sukutum, da tsarin aikinta da fayilolinta, sai dai ba ta da gangar jiki, tana zaune ne a cikin wata kwamfutar ta ƙarfe. Ta ƙarfen ita muka kira mai masauki. Za mu ci gaba da ce wa mai masauki "shi", baƙuwa kuma "ita", don kada zance ya cuɗe mana. Yau za mu ɗauke baƙuwar daga wannan masauki mu kai ta wani, ba tare da an kashe ta ba, masu aiki da ita ma ba za su ankara ba.

Ranar da na fara kawo wannan batu a aji, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin akawu ya gyara hula ya ce: "Malam, abin da ke zaune lafiya, me ya kai mutum tayar da shi?"

Na ce: "Baba, ai mai masaukin ne ba ya zaune lafiya."

Duk wanda ya taɓa riƙon ɗakin kwamfuta a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san haka. Hunturu na shigowa ƙura ta toshe fanka, inji ya riƙa huci, dole a kashe shi a buɗe a kakkaɓe. Batirin inbata yakan gaji. Akwai ranar da za a ƙara wa inji ƙwaƙwalwa, akwai ranar da za a sabunta masa manhaja. Wutar KEDCO kuwa ba sai na ba ku labari ba. Mu ɗauka akwai wata cibiyar koyon kwamfuta mai inji biyu, tana da baƙuwa ɗaya mai riƙe da rajistar ɗalibai, wata kuma mai gwajin jarrabawa irin ta JAMB, wadda tun 2015 ake rubuta ta a kwamfuta kaɗai. Da rana sola na ba da wuta, kowane inji na ɗauke da baƙuwarsa. Da la'asar sakaliya, in an iya tattara baƙin biyu a inji ɗaya a kashe ɗayan, batiri zai kai dare. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Su wane ne ke aikin

Raba inji ɗaya ya zama kwamfutoci da yawa ba sabon abu ba ne, kamfanin IBM ya fara shi tun shekarun 1960 a manyan injinansa. Ɗauke baƙuwa tana numfashi shi ne na baya-bayan nan. Kamfanin VMware ya fito da nasa a 2003 da sunan VMotion. A 2005 masu bincike na Jami'ar Kambirij a Ingila suka nuna irinsa da manhajar Xen, inda suka yi wa wata kwamfutar wasa ƙaura, tsayawarta ba ta wuce milisakan 60 ba. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo.

Kayan aikinmu uku ne, duk kyauta. QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, shi ke ƙera wa baƙuwa gangar jikin aro. KVM, da ya shiga cikin Linux a 2007, shi ke ba ta damar amfani da ƙarfin furosesa kai tsaye. Na uku shi ne libvirt, wanda aka fara a kamfanin Red Hat a 2005. Shi wakili ne: kai za ka faɗa masa abin da kake so da kalmomi kaɗan, shi zai je ya yi doguwar magana da QEMU. Bakin da muke yi masa magana da shi shi ne umarnin virsh. Akwai kuma virt-manager ga mai son latsa hotuna, amma ni na fi son ku fara da rubutu, don wanda ya rubuta umarni da hannunsa ya fi sanin abin da ya ce.

Littafin bashi

Abu huɗu ne ke haɗuwa su zama baƙuwa. Akwai takardar bayaninta, ɗan ƙaramin fayil da ke cewa sunanta kaza, ƙwaƙwalwarta kaza, faifanta na wuri kaza. Akwai faifan ajiyarta. Akwai halin da furosesa da sauran sassanta ke ciki a wannan sakan ɗin. Sai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, inda duk abin da take yi yanzu-yanzu yake. Takarda da halin furosesa ba su da nauyi. Faifai za mu zo kansa. Wahalar tana wajen ƙwaƙwalwar aiki, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Ku kawo wani babban ɗan kasuwar hatsi a Ɗandume cikin ranku, ranar kasuwa, littafin bashinsa a buɗe, alƙalami a hannu. An ce wa yaronsa ya kwafe littafin nan kaf cikin sabo, amma ba a yarda ciniki ya tsaya ba. Yaro ya fara daga shafi na ɗaya. Kafin ya kai na ɗari, Alhaji ya koma shafi na 12 ya soke bashin wani, ya ƙara buhu biyar a shafi na 40. Abin da yaro ya kwafa a waɗannan shafuka ya tashi a banza. Dabarar ita ce: duk shafin da Alhaji ya taɓa, a naɗe masa kunne. Yaro na gama zagayen farko sai ya koma kan shafukan da aka naɗe kaɗai. Zagaye na biyu ya fi na farko gajarta, don haka shafukan da za a taɓa a cikinsa ba su kai na da ba. Na uku ya ƙara gajarcewa. In ya rage shafi biyu ko uku, sai yaro ya ce: "Alhaji, a ɗan ɗaga alƙalami." Ya kwafe, ya miƙa sabon littafi, Alhaji ya ci gaba da rubutu a ciki. Mai sayen da ke tsaye bai ma lura an sauya littafi ba.

Haka QEMU ke yi, ba ragi ba ƙari. Ƙwaƙwalwar baƙuwa a yanke take shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4. Baƙuwa mai gigabait 4 tana da shafi 1,048,576. Yayin da ake turawa, KVM na naɗe kunnen duk shafin da aka sake rubutawa. Ɗaga alƙalamin nan na ƙarshe kuwa an yi masa iyaka: in ba ka sauya ba, QEMU ba zai tsayar da baƙuwa ba sai ya ga saura abin da zai iya turawa cikin milisakan 300.

Mu yi lissafi. Kebul mai gudun gigabit 1 yana ɗaukar kusan megabait 125 a sakan. Gigabait 4 zai ci sakan 32 ko sama da haka kaɗan. Mu ce baƙuwar na ɓata megabait 2 na shafuka a kowane sakan. Kafin a gama zagayen farko ta ɓata megabait 64. Tura wannan rabin sakan ne. A cikin rabin sakan ɗin ta ɓata megabait 1 kacal. Shi ke nan, a ɗaga alƙalami. Sau da yawa ma ba a kaiwa sakan 32, domin shafukan da ba komai a cikinsu ba a tura su ɗungurungum, alama kawai ake aikawa.

Da baƙuwa ta farka a sabon masauki, akan yi shela a madadinta cikin netwok ɗin ɗakin, don mahaɗar kebul ta san cewa mai wannan adireshi ta koma wancan rami. Adireshinta bai sauya ba. Shi ya sa wanda ke cike fom a lokacin ba ya ganin komai.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin ƙaurar da ta lalace, tun kafin a fara ta ta lalace. Ku duba waɗannan tun ana zaune ƙalau.

Furosesa tukuna. Baƙuwa na tashi takan tambayi furosesa abin da ya iya, ta kuma dogara da amsar har ranar da za a kashe ta. In aka kai ta gidan da furosesansa bai iya ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, ta shiga uku, shi ya sa libvirt kan bincika ya ƙi tun farko. Tsakanin Intel da AMD kada ma ku gwada. Tsakanin tsohon Intel da sabo ana iyawa, in an sa baƙuwa ta taƙaita ga abin da duka biyun suka iya. Mu da muke sayen injinan gwanjo ɗaya-ɗaya, yau wannan iri gobe wancan, wannan ita ce matsalar da za ta fi cin mana tuwo a ƙwarya. A takardar baƙuwa akwai layin furosesa. In an rubuta host-passthrough, an ba ta duk abin da mai masauki ya iya ke nan, tana da sauri amma ba ta ƙaura sai zuwa tagwayensa. In injinanku sun bambanta, umarnin virsh hypervisor-cpu-baseline zai fitar muku da abin da suka yi tarayya a kai, ku sa shi a takardar, ku kashe baƙuwa ku sake kunna ta sau ɗaya. Sauyin ba ya kama ta sai an yi hakan.

Sai manhaja. Daga tsohon QEMU zuwa sabo hanya a buɗe take. Daga sabo zuwa tsoho babu tabbas. Mafi kwanciyar hankali duka biyun su zama ɗaya.

Sunaye: kowane mai masauki da nasa, kuma kowa ya san na ɗan'uwansa. Wanda ya girka inji na biyu ta hanyar kwafe faifan na farko yakan manta ya sauya suna, sai libvirt ya ce ai gida ɗaya ne, ina za a kai ta? Gadar netwok da baƙuwa ke jone da ita kuma sunanta ya zama iri ɗaya a gida biyun. Ƙofofi su zama a buɗe: ƙofa ta 22 don SSH, da ƙofofi daga 49152 zuwa 49215, waɗanda ta nan shafukan ke bi. Duk abin da aka jona a jikin tsohon inji, kamar firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa, ba ya bin baƙuwa ta cikin kebul, a cire mata shi kafin tafiya. Haka fayil ɗin girki da aka manta a maƙale da ita tun ranar farko: in babu irinsa a can, tafiya ta fasu.

Yanzu faifai, wanda shi ne kaya mafi nauyi. Hanya biyu ce. Ta farko, kada faifan ya zauna a gidan kowa: a ajiye shi a inji na uku, masu masauki biyu su riƙa ganinsa ta tsarin NFS, a ƙarƙashin suna ɗaya da wuri ɗaya. Kamar rumbu ne a tsakar gida, ko wane ɗaki ka koma hatsinka na nan. A wannan tsari libvirt zai nemi a rubuta cache='none' a layin faifai, don kada tsohon mai masauki ya riƙe wani rubutu a hannunsa bai sauke ba. In ya ƙi ƙaura saboda wannan, kada ku tilasta masa da kalmar unsafe. Ya fi ku gaskiya. Aibin wannan hanya a fili yake: rumbun nan in ya kama wuta, kowa ya kwana da yunwa, saboda haka batiri mafi lafiya nasa ne. Hanya ta biyu ta masu inji biyu ce kawai: a kwashi faifan tare da baƙuwa ta cikin kebul. Ana yi, sai dai a jira.

Umarnin

Masu masaukinmu masauki1 da masauki2, baƙuwa kuma rajista. A matsayin mai gudanarwa, a kan masauki1, a rubuta wannan a layi ɗaya:

virsh migrate --live --persistent --undefinesource --verbose rajista qemu+ssh://masauki2/system

Kalmar live na nufin a ɗauke ta tana aiki. Kalmar persistent na cewa a rubuta sunanta a sabon gida ta zama 'yar gida. In an manta da ita, baƙuwa za ta yi aiki lafiya, amma ranar da aka kashe ta sai a neme ta a jerin masauki2 a rasa. Kalmar undefinesource na goge takardarta a tsohon gida. Ta ƙarshe, verbose, tana nuna maka kashi nawa cikin ɗari aka ci. In ba ku da rumbun tsakar gida, sai ku ƙara --copy-storage-all, kuma ku tabbata akwai isasshen wuri a can. Wasu lokuta sai kun fara ƙirƙirar fayil fanko mai girman faifan, a wuri mai suna iri ɗaya.

Kafin ku latsa, ku sa wani ɗalibi a kwamfuta ta uku ya riƙa aika wa rajista sallama da umarnin ping. Ku kalli allonsa. Amsa na zuwa layi-layi, kowane sakan. Lamba a allonku na hawa: 40, 75, 98. A daidai 100 wataƙila layi ɗaya ya yi jinkiri ko ya ɓace, sauran su ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ku rubuta virsh list a masauki1, wayam. Ku rubuta a masauki2, ga ta nan. Na ga manyan mutane masu jikoki sun yi tafi a wannan wuri.

In Alhaji ya fi yaro sauri

Akwai ranar da lamba za ta kai 99 ta koma 96, ta sake hawa ta sake saukowa. Ku buɗe wata taga ku rubuta virsh domjobinfo rajista. Zai nuna muku saura nawa, zagaye na nawa ake ciki, da yawan shafukan da ake ɓatawa. In saura ba ya raguwa, Alhaji na rubutu fiye da yadda yaro ke kwafa, ko za a kwana ana yi ba za a gama ba.

Magani mafi arha shi ne haƙuri: a soke da virsh domjobabort rajista, a bari sai an tashi daga aiki. Sokewa ba ta cutar da komai, domin har zuwa sakan na ƙarshe cikakkiyar baƙuwa tana tsohon gida. Ko kebul aka tuge bisa kuskure, haka ne. Wannan shi ne babban alherin wannan salo. In jira ba zai yiwu ba, a tsawaita ɗaga alƙalami da virsh migrate-setmaxdowntime rajista 2000, wato an yarda ta tsaya sakan 2. Ga rajistar makaranta, wa zai damu da sakan 2? Ko kuma a fara ƙaurar da --auto-converge, wanda ke riƙe wa Alhaji hannu: ya rage wa baƙuwa gudu da kashi 20 cikin ɗari, in bai isa ba ya riƙa ƙara goma-goma har yaro ya cim masa.

Akwai salo na daban, --postcopy. Abin da muka yi ta bayani a sama kamar a gama jere ne kafin a kai amarya. Wannan kuwa amarya ake fara kaiwa, kaya su biyo baya, duk abin da ta nema a ruga tsohon gida a ɗauko. Tabbas ana gamawa, domin kowane shafi sau ɗaya ake tura shi bayan ta tare. Amma a tsakiyar tafiya rabin hankalinta na nan rabi na can. In wuta ta ɗauke wa ɗaya daga cikin injinan a wannan lokaci, an rasa ta, sai dai a sake kunna ta daga faifai, abin da ba ta adana ba ya tafi. A wurin da wuta ba ta sallama kafin ta tafi, ni ban ba ku shawararsa ba.

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari

Tambayar da ba ta taɓa ƙin zuwa ita ce: za a iya tura baƙuwa daga wannan gari zuwa wancan? Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomin nan uku, mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ba abin mamaki ba ne ƙungiya ɗaya ta kasance da ofis a kowanne. Kuma mun san rufe wuri ba zato ba tsammani ba tatsuniya ba ce a nan. Bayan sace ɗalibai da aka yi a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara daren 11 ga Disamba 2020, gwamnatin jihar Katsina ta rufe makarantun kwana. Mai riƙe da bayanan jama'a dole ya yi tunanin ranar da za a ce a tashi.

Libvirt bai hana ba. Lissafi ne ya hana. Mu kyautata wa layin waya zato mu ce yana tura megabit 5 a sakan ba yankewa. Gigabait 4 megabit 32,000 ne. Raba da 5, sakan 6,400, awa ɗaya da minti 47 ke nan, zagayen farko kawai. Faifai mai gigabait 40 zai ci kusan awa 18, ban da kuɗin data. Baƙuwar da muka ce tana ɓata megabait 2 a sakan kuwa, megabit 16 ke nan, ya ninka ƙarfin layin fiye da sau uku. Ba ranar gamawa. Ko an gama ma, adireshinta na ɗakin Ƙanƙara ba ya aiki a ɗakin Faskari sai an yi wani shiri na daban. Sannan ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu ukun, aka yi watanni sai mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya buga waya. A waɗannan watanni, ƙaura tsakanin inji biyu da ke ɗaki ɗaya ba abin da ya taɓa ta, don kebul ba ya neman izinin kowa. Wadda ta dogara da layin waya kuwa ba ta ma taso ba.

Tsakanin gari da gari, a kashe baƙuwa a ɗauke ta a hannu. A rufe ta da virsh shutdown rajista, a jira ta mutu sarai. A fitar da takardarta da virsh dumpxml rajista a adana cikin fayil. A kwafe faifanta, wanda galibi yana cikin /var/lib/libvirt/images, zuwa faifan tafi-da-gidanka. Gigabait 40 a faifai mai lafiya bai fi minti goma ba. A can a sauke faifan a wuri mai suna iri ɗaya, a karanta takardar da virsh define, a kunna. Motar haya da ta bi hanyar Sheme ta fi intanet ɗin sauri nesa ba kusa ba. Ku kulle faifan da kalmar sirri kafin ya hau mota, domin sunayen mutane da lambobinsu ne a ciki. Akwai wani tarko: virsh migrate yana da kalmar --offline, mutum sai ya zaci ita ke yin duk wannan. Takarda kawai take turawa. Faifai na nan inda ka bar shi.

Rajista biyu

Kalmar undefinesource ɗin nan, da tsada na koye ta. A wani ofis da na taɓa yi wa aiki, na kwashe baƙuwa da faifanta zuwa sabon inji, komai ya tafi daidai, na koma gida ina jin kaina. Tsohuwar takarda da tsohon faifai na bar su a inji na farko, kuma an saita ta ta riƙa tashi da kanta in an kunna inji. Kwana uku bayan haka wuta ta ɗauke da dare, batiri ya ƙare, da safe aka tayar da janareta. Injina biyu suka tashi, baƙuwa biyu suka tashi, suna ɗaya, adireshi ɗaya. Sai da aka yi azahar wata ma'aikaciya ta kira ni: "Malam, sunan da na shigar da safe na neme shi na rasa, amma a kwamfutar abokiyar aikina yana nan." Wasu sunaye sun faɗa tsohon littafi, wasu sabo. Muka kwana biyu da takardun fom a baje kan tabarma muna tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Da faifai ɗaya suke rabawa ta NFS babu makulli, da abin ya fi haka muni, don alƙalami biyu a shafi ɗaya ba ya barin abin karantawa. Libvirt na da mai gadi don wannan, sunansa virtlockd, ku kunna shi in kuna da rumbun tsakar gida.

Dattijon nan na farko, da muka zo nan, sai ya ce: "To Malam, in inji ya ƙone cikin dare fa, sai a yi mata ƙaurar da safe?" A'a, Baba. Yaro ba ya kwafe littafin da ya riga ya ƙone. Ƙaura tana buƙatar tsohon mai masauki da ransa da lafiyarsa har zuwa shafin ƙarshe, kuma in an gama, kwafi ɗaya ne dai a duniya, wuri kawai ya sauya. In faifai ya ruɓe, ruɓaɓɓe za a kai sabon gida. Ajiye kwafin ko-ta-kwana aiki ne dabam, shi ne darasi na 18.

Aikin aji da na gida

1. Baƙuwa mai ƙwaƙwalwa gigabait 8 za ta bi tsohuwar mahaɗa mai gudun megabit 100. Minti nawa zagayen farko zai ci? In tana ɓata megabait 15 a sakan, za a gama? Nuna lissafinka.

2. Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya yi wa rajista ƙaura zuwa masauki2, ɗaya ya kalli ping, ɗaya ya riƙa karanta domjobinfo da ƙarfi. Ku dawo da ita, amma wannan karon da lamba ta kai 50 ku zare kebul ɗin masauki1, wato gidan da za ta, ku ƙirga goma ku mayar. Ku rubuta abin da ya faru da ƙaurar, da kuma inda baƙuwa take.

3. Wata cibiya a Sabuwa na da inji mai Intel, an yi mata kyautar wani mai AMD. Rubuta wa shugaban cibiyar wasiƙa da ba ta wuce layi goma ba, da Hausar da zai gane, ka faɗa masa yadda za a mayar da baƙuwarsu kan sabon injin, da tsawon lokacin da aiki zai tsaya.